Sheƙa Mai Shuɗin Zare

A Panshekara, bayan titin da ma'aikatan Challawa ke jiran mota da safe, akwai wani gidan haya mai bishiyar darbejiya a tsakar gida. A nan Dabora take zaune da mamanta. Babanta direban babbar mota ne a Bompai, yau yana gida, gobe yana kan hanya.

Dabora 'yar aji huɗu ce. Ba ta rashin kunya, ba ta ƙiwuya. Amma tambaya! Kai, Allah ya zuba wa yarinyar nan tambaya. Idan ta tsare ka da ita, sai ka ce da ma ba ka fito ba.

"Mama, me ya sa hayaƙin kamfani yake tafiya gefe ɗaya?"

"Iska ce take kora shi."

"To ita iskar, wa yake koro ta?"

"Dabora, don Allah ki bar ni in sha kunun nan."

Kada ku ga laifin Mama Rifkatu. A wani kamfanin saƙa buhu take aiki. Wuni take yi tsaye gaban inji, zaren leda yana gudu ta gabanta. Idan ta dawo, kunnenta na ƙara, ƙafarta ta gaji.

Mutum ɗaya ne ba ya gajiya da Dabora. Shi ne Baba Ya'u, tsohon da yake da gidan. A Challawa aka haife shi, tun ba a gina kamfani ko ɗaya ba. Yana da 'yar gona a kusa da kogi. Shi ya dasa darbejiyar nan da hannunsa.

Da damina ta kawo kai, sai ga baƙi sun sauka a kan bishiyar. Wasu tsuntsaye ne masu ruwan ɗorawa, ana kiransu marai. Mazan suna da baƙin kai da jan ido. Ga surutu, tun da asuba suke tashin kowa.

Dabora ta samu abin kallo. Ta ga namiji ya tafi, ya dawo da dogon ganyen ciyawa a baki. Ya taka shi da ƙafa, ya cusa, ya jawo, ya ƙulle. Sannu a hankali sai ga sheƙa tana lilo a ƙarshen reshe, bakinta yana kallon ƙasa.

"Baba, wa ya koya musu saƙa?" in ji Dabora.

"Wanda ya koya miki tambaya," in ji Baba Ya'u.

"Me ya sa ƙofarsu take kallon ƙasa?"

"Don kada ruwa ya shiga, jikalle. Da maciji ma, wuya take ba shi."

"Zan iya leƙawa?"

"A'a. A gidan nan kallo ake yi musu. Ba a jifa, ba a taɓa sheƙa. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

A makaranta ma ba ta bar maganar ba. Ana tsakiyar darasi ta ɗaga hannu.

"Malama, idan hadari ya taso, mu muna gudu ɗaki. Tsuntsaye fa, ina suke gudu?"

Yara suka yi dariya. Malama Badi'a ba ta yi ba.

"Tambaya ce mai kyau," in ji ta. "Amma ke da kike da su a gida, ai ke za ki gaya mana. Je ki kalla, ki zo ki ba mu labari."

Ba a daɗe ba kuwa hadari ya haɗu daga gabas. Dabora ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinsu, ta ƙura wa bishiyar ido. Abin da ta fara lura da shi, shiru ne. Masu surutun nan duk sun kama bakinsu. Matan suka shige cikin sheƙa. Mazan suka koma can cikin ganye, suka riƙe reshe, suka juya fuska wajen iska.

Iska ta taso. Darbejiya ta sunkuya, ta miƙe, ta sake sunkuyawa. Sheƙuna suka yi ta lilo. Can Dabora ta ankara ita ma lilo take yi. Idan reshe ya yi dama, sai ta ji ta karkata dama. Yatsun ƙafarta sun ƙanƙame dokin ƙofa, yadda tsuntsayen suka ƙanƙame reshe. Abin ya ba ta mamaki, ya kuma yi mata daɗi. Ji ta yi ita da su da bishiyar duk 'yan gida ɗaya ne, ruwa ɗaya yake dukansu.

Da ruwa ya ɗauke, ta fito. Sai ta ga sheƙa biyu a ƙasa cikin taɓo. Ta ruga wurinsu. Ta ɗauka, ta leƙa. Babu ƙwai, babu komai. Ta ja ciyawar da yatsa, sai ta tsinke.

"Allah sarki," in ji ta. "Ashe ciyawar nan ba ta da ƙarfi. Da akwai 'ya'ya a ciki fa?"

Ta waiwaya don ta tambayi Baba Ya'u. Ashe Baba Ya'u ya riga ya ɗauki sungumi ya tafi gona shuka. Mama tana kamfani. Ga tambaya a baki, babu mai amsawa. Sai Dabora ta amsa wa kanta. To, daga nan matsalar ta fara.

Da yamma Mama ta dawo da ƙunshi a hannu. Guntayen zaren buhu ne da inji ya yar, ana barin ma'aikata su kwasa. Akwai fari, akwai shuɗi. Da shi matan layin suke tufka igiyar shanya, da shi suke ɗaure tsintsiya.

"Mama, wannan zaren yana tsinkewa?"

"Wannan? Ko saniya kika ɗaure da shi sai ta haƙura."

"Ruwa fa, yana ruɓar da shi?"

"Ina! Sai ya shekara a cikin kwata yana nan yadda yake. Ke dai kada ki yi mini wasa da shi, yana yanka hannu."

Dabora ta ce to. Amma idonta ya riga ya yi haske. Zare mai ƙarfi, ruwa ba ya cin sa. Ai an gama!

Washegari, da gida ya yi shiru, ta ɗebi shuɗin zaren cikin tafin hannu. Ta tsattsaga shi siriri-siriri, daidai faɗin ciyawa. Ta hau kan bokiti, ta rataya shi a reshen da yake kusa da ƙasa. A ranta tana cewa, "Ai ban taɓa sheƙa ba. Zare kawai na ajiye."

Ta laɓe bayan randa tana kallo. Tsuntsu na farko ya zo, ya karkata kai, ya tafi. Na biyu ma haka. Sai ga wani mai rawar kai, wanda bai gama sheƙarsa ba. Ya ja zaren, ya ga ya taho babu wahala. Shi ke nan, ya samu banza! Ya yi ta jigila har ya kwashe shi tas.

Sheƙar ta fito da kyau, kore da ratsin shuɗi. Wata mace ta zo ta shiga, ta fito, ta sake shiga. Ba ta sake neman wata sheƙa ba.

Dabora kamar ta taka rawa. Babu wanda ya lura. Baba Ya'u kullum yana gona, ga idonsa ya fara rauni. Mama kuwa da sassafe take fita, idan ta dawo ba ta da ƙarfin ɗaga kai ta kalli bishiya.

Ranar da Malama Badi'a ta kira ta gaban aji, Dabora ta ba da labari tiryan-tiryan. Ta faɗi yadda tsuntsaye suke yin shiru kafin ruwa. Ta kwaikwayi yadda suke juya fuska wajen iska. Yara suka tafa mata. Daɗin tafi ya ɗebe ta, sai ta ƙara da cewa, "Har da wata sheƙa mai shuɗi, ta fi duka ƙarfi!"

"Shuɗi?" in ji Malama. "Akwai shuɗiyar ciyawa ne?"

"Zaren buhu ne, Malama."

"A ina suka samo shi?"

Dabora ta kalli takalminta. "A ƙasa suka tsinta."

Ƙarya ce, kuma ta ji ɗacinta a baki.

"To ki gaya wa manya a gida su duba," in ji Malama. "Leda ba ta yi wa dabba alheri. Akuyarmu ta bara, leda ce ta kashe ta."

A hanyar gida Dabora ta yi ta juya maganar. Akuya ai ci take yi. Marai kuwa saƙa suke yi, ba ci ba. Kuma idan ta faɗa, za a tambaye ta inda zaren ya fito. Sai ta ja bakinta ta yi gum.

Makonni suka wuce. Wata safiya ta ji wani ɗan kuka siriri daga cikin shuɗiyar sheƙa: tsi, tsi, tsi. An ƙyanƙyashe! Uwar ta shiga aiki, ta fita ta dawo da tsutsa, ta fita ta dawo da fara. Dabora har mantawa take yi da abincinta wajen kallo.

Abu ɗaya ta gani wanda bai kwanta mata ba. Rana ta gasa zaren, shiga da fita sun goge shi. A bakin sheƙar ya warware, ya yi silili-silili kamar gashi. Ta kalle shi, ta kau da kai.

Ranar Asabar, bayan azahar, gari ya yi wani irin zafi. Ko ganye ba ya motsi. Mama tana gida tana wanki. Can sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Cida ta fara gurnani daga nesa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, ya danne warin fata da yake zuwa daga kamfanonin jima.

"Dabora, kwashe shanya! Maza!"

Iska ta iso da ƙarfinta. Ledoji suka tashi sama, rufin kwano ya fara ƙara. Dabora ta rungumo kaya ta zuba a ɗaki, ta dawo bakin ƙofa. Duk tsuntsaye sun ɓuya. Saura uwar shuɗiyar sheƙa, ta fita neman abinci ba ta dawo ba.

"Ina kika tsaya? Ki dawo mana!" in ji Dabora.

Sai ga ta, tana fama da iska, da tsutsa a baki. Ta kama bakin sheƙa za ta shige. Iska ta fizgi reshen. Ƙafarta ta zurma cikin zaren da ya warware. Ta ja, zaren ya ƙara ɗaurewa. Ta sake ja, ya shaƙe ƙafar tam. Tsutsar ta faɗi. Uwar ta rataye, kai a ƙasa, tana fuffuka.

"Wayyo! Mama! Mama!"

Dabora ta zabura za ta fita. Walƙiya ta haske gidan, tsawa ta fashe. Mama ta cafko ta ta baya.

"Ina za ki? Kina hauka ne? Ba a zuwa gindin bishiya ana tsawa!"

"Za ta mutu, Mama! Ga ta can!"

Mama ta bi yatsanta da kallo. Ta ga tsuntsuwar, ta ga abin da ya riƙe ta. Ai ko a mafarki Mama ta san wannan zaren.

"Dabora. Yaya aka yi zarena ya hau bishiya?"

Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Dabora ma ta ɓarke da kuka.

"Ni ce, Mama. Ni na ba su. Na ga ciyawa tana tsinkewa, na ce in taimake su."

Mama ta dube ta. Ba ta dake ta ba, ba ta kuma sake ta ba.

"Za mu yi wannan maganar," in ji ta. "Yanzu dai babu mai fita sai tsawa ta wuce. Ki yi mata addu'a."

Dabora ba ta taɓa ganin ruwa mai tsawo irin wannan ba. Da can daɗi take ji idan ta ga bishiya tana lilo. Yau kowace iska a cikinta take jin ta. Idan reshe ya yi sama, sai numfashinta ya tsaya. Idan ruwa ya doki tsuntsuwar, sai ta ji sanyin a bayanta. Sauran sheƙuna suna ta lilo lafiya lau, masu ciyawar nan da ta raina. Tata ce kaɗai ta zama tarko.

"Ya Ubangiji, ka riƙe ta," take ta faɗa. "Darbejiya, yi a hankali. Don Allah yi a hankali."

Tsuntsuwar ta yi fuffuka, ta huta, ta sake yi. Daga baya ta daina. Ta yi laƙwas, ruwa yana ɗiga ta bakinta. Dabora ta rufe fuska da hannu saboda kunya da tsoro.

A hankali tsawa ta yi nisa, ta nufi wajen Sharaɗa. Ruwa ya koma yayyafi. Mama ta ce, "Je ki kira Baba."

Dabora ta ruga zaure, ƙafa cikin ruwa. Baba Ya'u yana zaune a kan buzu.

"Baba, ku zo! Ku taimaka! Na yi ɓarna!"

Tsoho bai tsaya tambaya ba. Ya fito, ya kare ido da hannu, ya duba sama. Ya ce, "Subhanallahi." Ya ɗauko doguwar gorarsa mai ƙugiya, wadda yake karyo asuwaki da ita.

"Maman Dabora, kifa turmin nan ki hau. Ni zan jawo reshen. Ke kuma jikalle, cire ɗankwalinki ki tara a ƙasa."

Mama ta shiga ɗaki ta fito da ɗan almakashin da take yanke zare da shi a wurin aiki. Ta hau turmi. Baba Ya'u ya saƙala ƙugiya, ya jawo reshen sannu-sannu. Ruwan ganye ya zubo musu a ka. Daga cikin sheƙa aka ji tsi, tsi, tsi.

"Suna da rai!" in ji Dabora.

"Tara da kyau," in ji Mama.

Ƙyas! Almakashi ya yanke zaren. Tsuntsuwar ta faɗo cikin ɗankwali. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Idonta a rufe, jikinta sanyi ƙalau.

"Baba, ta mutu?"

"Sa yatsanki a ƙirjinta. A hankali."

Dabora ta sa. Ta ji wani abu yana bugawa, ƙanƙani, da sauri-sauri.

"Yana bugawa!"

"To da sauran kwana. Riƙe ta."

Mama ta sauko, ta duba ƙafar. Zaren ya nutse cikin fata, wurin ya yi ja. Da bakin almakashi ta ɗaga shi, ta yanke, ta warware. Sannan ta sake hawa turmi. Ta bi bakin sheƙar tana datse duk silin da ya fito, tana laluba da yatsa ko akwai saura.

"Ba zan iya zare shi duka ba," in ji ta. "Idan na ja, sheƙar za ta wargaje da 'ya'yan. Amma babu sauran abin da zai kama ƙafa."

Baba Ya'u ya saki reshen a hankali, ya koma wurinsa.

Dabora ta zauna a bakin ƙofa. Ta lulluɓe tsuntsuwar da busasshen tsumma, ta rufe ta da tafin hannu biyu.

"In kai ta kusa da murhu?" ta tambaya.

"A'a, wuta ta yi mata yawa. Ɗumin hannunki ya isa."

Baba Ya'u ya zauna a kan turmin yana matse hularsa. Dabora ta kasa kallon fuskarsa.

"Baba, ku yi haƙuri. Na ga sheƙa biyu sun faɗo ranar nan. Na ɗauka ciyawa ce ba ta da ƙarfi."

"Da ƙwai a ciki?"

"Babu."

"To ai ba za ki gani ba. Waɗannan ba su da mai shiga. Idan namiji ya saƙa, matar ta duba ta ce ba ta so, shi da kansa yake tsinke ta. Wadda ya bari ta bushe, iska ta ƙarasa."

Dabora ta buɗe baki. "Da kansa?"

"Da kansa. Kuma tsinkewar da kika raina, ita ce amfanin ciyawa. Idan ta kama ƙafar tsuntsu, ya ja, sai ta sake shi. Wannan zaren naku kuwa ba ya saki."

"Ban sani ba, Baba."

"Na san ba ki sani ba. Abin da ya ba ni mamaki, ke da kike tambayata har abin da ya sa kaza ba ta fitsari, wannan ɗaya ba ki tambaya ba."

"Kuna gona ranar."

"Ban dawo ba?"

Dabora ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan tsumman.

"Kuma na yi wa Malama ƙarya," in ji ta. "Na ce a ƙasa suka tsinta. Ta ce in gaya muku, na ƙi."

"Ranar Litinin za ki je ki gaya mata gaskiya da bakinki," in ji Mama. "Kuma duk guntun zaren da yake yawo a gidan nan da bakin layi, ke za ki tsince shi. Ni ma daga yau a cikin tukunya mai murfi zan riƙa ajiye nawa."

"To, Mama."

Sai Dabora ta ji motsi a tafin hannunta. Wani abu ya ɗan cake ta.

"Kai! Ta cije ni!"

Baba Ya'u ya yi dariya har da tari. "Madalla! Mai cizo ai ta farfaɗo. Buɗe hannun."

Rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare. Dabora ta ajiye tsumman a kan katanga, inda hasken yake. Tsuntsuwar ta miƙe tana tangaɗi. Ta ɗage ƙafa ɗaya. Ta girgiza jiki, ta shiga gyara gashinta da baki. Ta daɗe tana yi.

A sama kuwa kukan 'ya'yan yana ta raguwa. Da can tsi, tsi, tsi ne babu tsayawa. Yanzu sai a ji ɗaya, a jira, a jira, kafin a ji wani.

"Ki je mana," in ji Dabora a hankali. "Yunwa suke ji. Sanyi suke ji."

Fir! Tsuntsuwar ta tashi. Amma ba ta nufi sheƙa ba. Ta haye katanga, ta yi wajen gonaki, ta ɓace.

"Ta gudu!" in ji Dabora. "Baba, ta ji tsoron sheƙar! Ba za ta dawo ba!"

"Zauna," in ji Baba Ya'u. "Yanzu babu abin da hannunki zai yi. Kallo ya rage."

Dabora ta zauna. Zaman nan ya fi mata komai wuya. Ruwa yana ɗiga daga ganye. Sauran marai sun fito, sun dasa surutunsu kamar babu abin da ya faru. Ma'aikatan yamma suna wucewa ta bakin layi, suna tsallake kwata. Mama ta bar wankinta, ta zo ta zauna kusa da ita. Su uku suka ɗaga kai suna kallon reshe ɗaya.

Sai ga wani ɗan abu ya taho ta saman katanga. Ya sauka a reshen, ƙafa ɗaya a ɗage. A bakinsa akwai koriyar tsutsa.

Dabora ta damƙe hannun Mama.

Uwar ta kalli bakin sheƙar. Ta matsa, ta ja da baya. Ta sake matsawa. Daga ciki aka ce tsi. Sai ta kama bakin da ƙafarta mai lafiya, ta shige.

Kukan ya tsaya cak.

"Baba, sun yi shiru! Me ya same su?"

"Haba jikalle," in ji Baba Ya'u. "Bakinsu cike da abinci, da me za su yi kukan?"

Dabora ta yi tsalle, ta faɗa cikin taɓo da ƙafa biyu. Tana dariya, hawaye yana zuba. Ta rungume Mama, ta ɓata mata zani, Mama ba ta damu ba. Ta ruga ta rungume gindin darbejiya, jiƙaƙƙen ɓawonta ya manne mata a kumatu.

Mama ta kira ta, ta share mata fuska da bakin zani.

"Zuciyarki mai kyau ce, Dabora. Taimako kika yi niyya. Amma niyya mai kyau ita kaɗai ba ta isa ba. Kafin ki taimaki wani, ko mutum ko tsuntsu, ki fara sanin abin da yake bukata. Idan ba ki sani ba, ki tambayi wanda ya sani. Idan kuma kin yi kuskure, ki faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa."

"Na ji, Mama. Ba zan ƙara ba."

Ta ɗauki tsohon gwangwani, ta fara tsintar guntayen zare tun daga gindin bishiya. A samanta uwar ta sake fita, tana ɗan ɗingishi a kan reshe, ta tafi nemo wata tsutsar.